Yadda Ƙwallon Roba Za Ta Yi Ƙarko a Hannun Yara

Ni malamin wasanni ne a wata makarantar firamare, amma kafin in riƙe alli na yi ƙuruciyata a rumfar facin kawuna a bakin titi, ina ɗebo masa ruwan baho ina taka famfo. Shi ya sa duk ƙwallon da ta sace a unguwarmu a ƙofar gidana take kwana. A cikin waɗanda ake kawo mini, kaɗan ne ƙaya ta kashe ita kaɗai. Yawancinsu rana ce ta fara cin su, ko an dunƙara musu iskar da ta fi ƙarfinsu, ko an yi musu gyaran da bai dace da jikinsu ba, sannan ƙaya ta zo ta ƙarasa. Da yake kuɗin ƙwallo yanzu ba abin wasa ba ne, ga yadda nake yi da namu.

Kafin komai, ka san abin da ke hannunka, don duk sauran aikin a kansa ya rataya. Akwai ƙwallon danƙo zalla, mai ɗan kauri, wadda in ka shinshina za ka ji warin taya, in ka doka ta da ƙasa ta taso da nauyinta. Akwai ta filastik mai laushi, wato PVC, irin jikin tiyon ban ruwa. Ita ce mai sheƙi da launi kala-kala, marar nauyi, wadda wasu yara ke kira felele, iska na kai ta inda ta ga dama. Sai kuma mai blada a ciki da riga a waje, ko ɗinkakkiya ko mannanniya.

In ka kasa bambance ta farko da ta biyu da ido, ɗora tsinin allura a wuta, ka taɓa ɗan tsiron robar da yakan rage a gefen bawul, wato ƙofar da ake ba ta iska, ko a layin haɗi. In ya narke ya biyo allurar, filastik ce. In bai narke ba, sai dai ya ƙone ya yi ƙaurin taya, danƙo ne. Dalilin haka tsohon labari ne. Ɗanyen danƙon da ake tatsa daga itacen roba, irin wanda ake nomawa a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, yana yin yauƙi da zafi ya ƙage da sanyi. A 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in aka dafa shi da farar wuta sai ya daina wannan halin, ya zama mai miƙewa ya koma yadda yake. Danƙon da aka dafa haka ba ya sake narkewa har abada. Don haka yaron da ya ɗauko wuƙa mai zafi zai liƙe ƙwallon danƙo ƙona ta kawai yake yi. Shi kuma wanda ya shafa sholisho a kan ta filastik, washegari zai ɓare facin da farcensa.

A wurin saye ma ana yin asara tun kafin a biya kuɗi. Ƙwallayen da mai shago ya rataye cikin raga a ƙofar shago sun sha rana sun ƙoshi, wata ta yi watanni a wurin. Ni nakan ce, "Alhaji, a taimaka a ɗauko min ta cikin kwali." In ta danƙo ce, ɓari biyu ake haɗawa a yi ta, saboda haka ka matsa ta daidai layin haɗin ka duba ko yana buɗe baki. In ta filastik ce, a cikin mazubi mai juyawa ake zuba ta, kuma in aikin bai yi kyau ba sai wani gefe ya fi wani kauri. Ɗaga ta saitin rana ka juya a hankali. Inda haske ya fi ratsawa nan ne siririn wurin, nan za ta fara yin ƙulu, nan kuma za ta fashe. Araha ba ta ado, amma ko a cikin masu arahar akwai dama-dama, in ka tsaya ka zaɓa.

Iska

A nan aka fi yin ɓarna, kuma sau da yawa manya ne ke yin ta. Yaro zai kai ƙwallo wurin mai faci ya ce, "Baba, a sa min iska," shi kuma ya jona mata injin da yake cika tayar mota da shi. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar geji 30 zuwa 35 a ma'aunin psi da masu faci ke aiki da shi. Ƙwallon gasa kuwa, mai lamba 5, dokar ƙwallon ƙafa ta ƙayyade mata tsakanin 8.5 da 15.6, kewayenta santimita 68 zuwa 70, nauyinta giram 410 zuwa 450. Wannan fa mai riga ce, wadda ke da abin da zai tare bladar kada ta wuce iyaka. Ƙwallon roba tsirara ba ta da mai tare ta. Wasu geji 2 kacal aka rubuta a jikinsu. In ka ƙara mata iska ba tauri za ta yi ba, girma za ta yi ta yi, jikinta na ƙara sirancewa, kuma robar da ta miƙe fiye da kima ba ta komawa.

Famfon hannu na keke ya wadatar. Da yake gejin masu faci ba ya karanta ƙaramar iska irin wannan da kyau, ni da igiya nake aunawa. In an rubuta faɗin ƙwallon a jikinta, a ce santimita 22, sai ka ninka da 3.14, ka samu kusan 69. Yanki igiya daidai wannan tsawon ka ajiye tare da famfon. Kana ba da iska kana zagaya igiyar a tsakiyar ƙwallon, da bakin igiyar biyu sun haɗu sai ka tsaya. In ba a rubuta komai ba, ka tsaya da zarar tamojin ninkewa ya baje, kuma babban yatsanka yana iya lotsa ta kaɗan ba tare da ka yi nishi ba.

Sabuwar ƙwallon da ta zo a ninke, musamman da hunturu, kada ka cika ta lokaci ɗaya. Ajiye ta a ɗaki mai ɗumi ta saki jiki, ka ba ta rabin iska, ka mulmula ta da hannu, ka bar ta ta kwana, sannan ka ƙarasa. Filastik mai sanyi yana tsagewa a kan layin ninki.

Allurar famfo kuma kada ta shiga a bushe. Ɗigon gilisarin, wanda ake samu a kemis, shi ya fi. In babu, ruwan sabulu. Yawu ma yana fid da kai in kana fili, ko da yake ba ya daɗewa. Abin da ba a sawa shi ne basilin ko baƙin mai, don duk man da aka samo daga fetur yana kumbura danƙo ya lalata shi. Ka soka allurar a miƙe, ka riƙe gindinta da yatsu biyu yayin da wani ke bugawa, don in tana rawa a ciki tana faɗaɗa ramin bawul ne. Sannan ka hana yara sace iska da tsinken tsintsiya ko bututun biro. Bawul ɗin da aka yi wa haka ya gama aiki.

Akwai kuma abin da zafi ke yi wa iskar da ke ciki. Ƙwallo mai riga da ka ba geji 12 da safe, lokacin da zafi ke digiri 25, in ka bar ta cikin mota a rufe har cikin ya kai digiri 60, gejinta zai haura zuwa kusan 15 ba wanda ya taɓa ta. A watan Afrilu, da zafin Kano ko Sakkwato ke wuce 40 a inuwa, wannan ba abin mamaki ba ne. Ta roba tsirara kuwa kumbura za ta yi ta karkace. Da bazara nakan rage iska kaɗan da gangan. Yara sukan yi ƙorafi cewa ba ta ƙara in an buga, ni kuwa na fi son ta kai mu ƙarshen zango.

Inda take kwana da inda ake buga ta

Ɗauko tsohuwar ƙwallon danƙo ka matsa ta ka duba da kyau. Za ka ga ƙananan tsagu birjik kamar faso a dunduniya da hunturu. Aikin hasken rana ne da wata iska da ake kira ozon, wadda ke cin danƙo musamman in yana a miƙe. Taya tana jurewa ne saboda baƙin garin kabon da ake cuɗawa a jikinta, wanda ke ƙara mata ƙarfi yana kuma tare haske, da wasu magungunan da ake sa mata. Ƙwallon yara ja ko ruwan ɗorawa ba ta samu wannan gatan ba. Ozon yana fitowa inda wutar lantarki ke tartsatsi, wato kusa da masu walda da injinan da ke juyawa da lantarki. Ɗakin janareta, inda mutane da yawa ke jefa kayan wasa, shi ne mafi munin wurin ajiya: ga zafi, ga tururin fetur, ga mai a ƙasa.

Namu a cikin buhu suke kwana, a ƙarƙashin tebur a ofis, ba a kan siminti tsirara ba, ba kusa da taga ba. In an tashi wasa a goge su da tsumma mai ɗanshi, in datti ya yi yawa a sa ɗan sabulu, a bar su su sha iska a inuwa. Kada a wanke da kananzir don a cire kwalta. In za a yi dogon hutu, a rage iskar zuwa rabi. Kada a sace ta gaba ɗaya a ninke, kada kuma a ɗora mata kaya. Zama a kan ƙwallo kuwa, wanda yara ke yi in suna jiran layi, shi ke mayar da ita ƙwai, kuma ba ta dawowa.

Fili shi ma yana buƙatar aiki. Babban abokin gaba shi ne tsidau, don ƙwayarsa duk yadda ta faɗi akwai tsinin da ke kallon sama, kuma bayan damina ta bushe ba ka ganinta cikin yashi. Tsintsiya ba ta kwashe ta. Abin da ke kwashe ta shi ne tsohon soson katifa ko tsohon bargo. Ɗaura masa igiya, ka ɗora bulo biyu a kai, yara biyu su ja shi daga wannan raga zuwa waccan. In ka juya shi za ka ga ya yi baƙi da ƙaya. A kakkaɓe a rami a ƙone, a sake ja. Wanda ya fi wannan shi ne a tuge ciyawar tun tana fure, wato lokacin da ƙananan furanninta ruwan ɗorawa suka fito, kafin ta yi 'ya'ya. In akwai aduwa ko bagaruwa a gefen fili a share ƙarƙashinsu, in kuma katangar maƙwabta tana da fasassun kwalabe a kai, ko akwai shingen langa-langa, a juya filin yadda raga ba za ta kalli wajen ba. Wannan juyin kaɗai ya rage mana asara fiye da duk wani faci.

Yi mata riga

Wannan shi ne aikin da ke mayar da ƙwallon mako biyu ta zama ta watanni. Dubarar ba tawa ba ce, daga masana'anta take. In ka yanka ƙwallon kwando za ka tarar da blada a ciki, an naɗe ta da zaren nailan ta kowace fuska, sannan aka rufe da roba. Zaren ne ke riƙe siffar, shi ke hana bladar miƙewa. Abin da za mu kwaikwaya ke nan.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka samu tsohuwar ƙwallon ɗinki wadda bladarta ta mutu amma rigar na nan. Kai wa mai ɗinkin takalmi ya farke layi biyu ko uku, ya ciro matacciyar bladar, ya cusa ƙwallon robarka a sace. Abin lura ɗaya ne: bawul ya zo daidai ramin rigar, a kuma shafa ɗan gam a kewayensa a manne shi da rigar daga ciki, in ba haka ba zai gudu ciki da bugun farko. Girman su biyun ya zama ɗaya ko kusa. Ya ɗinke da zare mai kaki, ya yi hankali da basilla a ɗinkin ƙarshe. Felele a cikin tsohuwar riga tana ba da mamaki.

In babu tsohuwar riga, sai a yi ta zare. Za ka nemi zaren nailan irin na masu takalmi, da gam ɗin da suke manna soli da shi, irin su Evo-Stik, da tsohon yadi mai ƙarfi kamar na wandon jins ko kaki, da almakashi da samfefa mai laushi.

Ba ƙwallon iska ta tsaya ƙasa kaɗan da girman da kake so, don rigar za ta ƙara mata. Wanke ta, ta bushe sarai, ka goga samfefa sama-sama har sheƙin ya dushe. Yanki ɗan salatef zagayayye ka rufe bawul, ka yi masa alama. Gwada gam ɗin a ɗan wuri tukuna, saboda wasu filastik ɗin sirara yana cin su. In lafiya, shafa shi siriri a ko'ina ka jira ya daina jiƙa yatsa. Sannan ka fara naɗi. Kada ka bi layi ɗaya. Duk zagaye uku ko huɗu ka ɗan juya ƙwallon a hannunka, yadda zaren zai riƙa gittawa kan na baya. Ka ja shi ya kwanta amma kada ya shaƙe ta har ta yi ƙugu. Kuskuren da kowa ke yi a nan shi ne zaren ya taru a wuri biyu da ke fuskantar juna, sauran jikin ya zama fili. In ka ga haka ta fara, juya ta ka mai da wurin da ya taru ya koma gefe. Ka ci gaba har ya zama ba inda za ka ɗora kan ɗan yatsa ba ka taɓa zare ba. Kewaye bawul ɗin, kada ka bi ta kansa.

Shafa gam a kan zaren ya jiƙa shi, ka bar shi ya sha iska. Yadin kuma ka yanka shi gunduwa-gunduwa, dogaye masu faɗi a tsakiya da tsini a kai biyu, guda takwas zuwa goma sha biyu, don yadi mai kusurwa huɗu ba ya kwanciya a kan abu mulmulalle sai ya yi tamoji. Shafa gam a bayan kowanne, ka jira, ka manna daga tsakiya zuwa tsini, bakin kowane ɗaya ya hau na kusa da shi da kamar faɗin farce. Inda tsinayen suka haɗu sama da ƙasa, rufe da zagayayyen yadi. Huda wa bawul ƙofarsa. Murza ko'ina da bayan cokali, sannan ka ajiye ta kwana ɗaya cur kafin kowa ya sa mata ƙafa. Wannan jiran shi ne mafi wuya, don yara za su yi ta leƙe suna cewa, "Malam, ai ta bushe."

Gaskiyar magana, tsallenta zai ragu, kuma ba za ta yi kyan gani ba. Amma nauyin da ta ƙara alheri ne ga felele, don iska ta daina wasa da ita. Ka dai auna ta a sikelin mai shago: ga 'yan firamare kada ta wuce giram 400, saboda bugun kai. Wasu suna naɗe ta da yankakken tub na babur maimakon yadi. Yana ƙarko ƙwarai a kan kwalta, amma yana da nauyi kuma yana zafi a ƙafar da ba takalmi, don haka ni ba na yi wa ƙanana.

Maganar gam da sholisho kuwa, a yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu. Kada a aiki yaro sayensa, kada a bar gwangwanin inda zai kai hannu. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san abin da shaƙar sholisho ta yi wa 'ya'yan mutane.

In ta riga ta huje

Ba ta iska, ka danna ta cikin bahon ruwa kana juyawa a hankali. Kada ka tsaya a hujin farko, ƙaya ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Duk inda ƙananan kumfa ke tasowa a jere, zagaye wurin da biro tun tana cikin ruwan, don da ta bushe ba za ka sake ganinsa ba. Duba ko tsinin ƙayar na ciki ka cire da allura. Sannan ka ɗiga ruwan sabulu a kan bawul. Sau da yawa ƙwallon da aka ce ta huje bawul ɗinta ne ya bushe, kuma ɗigon gilisarin biyu da soka allura sau biyu-uku yana gyara shi. In bai gyaru ba, a yawancin ƙwallaye bawul ɗan toshi ne da ake iya zaƙulowa da lanƙwasasshiyar waya a cusa wani.

Facin ƙwallon danƙo daidai yake da na tub ɗin keke. Rage iskar har ta daina fita da ƙarfi, amma ƙwallon ta riƙe siffarta. Goge wurin da samfefa ya fi facin faɗi, ka share garin da sifirit, kada ka sake taɓa wurin da yatsa. Shafa sholisho siriri. Jira kamar minti biyar ya bushe ya daina sheƙi. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa, suna ganin jiƙaƙƙen gam shi ke kamawa, alhali sai ruwan cikinsa ya tashi yake aiki. Facin kanti, irin mai baƙi a sama da jan baki a ƙasa, ya fi wanda aka yanko daga tsohon tub, saboda jan ɓangaren ɗanyen danƙo ne da ke haɗewa da jikin ƙwallon. In tsohon tub ne kawai gare ka, yanka shi zagayayye, ka fere bakinsa da reza ya yi siriri yadda ƙafa ba za ta samu abin ɗagawa ba, ka goge shi shi ma, ka shafa wa duka biyun gam. Manna, ka murza da bayan cokali daga tsakiya zuwa waje, ka barbaɗa hoda, ka bari ta kwana. Facin wuta da masu faci ke yi wa tub ba na ƙwallo ba ne, don ba yadda za a matse gefe ɗaya ba a ƙona ɗayan ba. Gam ɗin nan mai kamawa nan take, na cikin ƙaramin bututu, shi ma a bar shi: yana bushewa ya yi tauri, bugu biyu ya ruguje ya bar wurin ya fi da muni.

Ta filastik kuwa da 'yar'uwarta ake yi mata faci. Yanko ɗan zagaye daga matacciyar ƙwallo irinta, ka yi amfani da gam ɗin da aka rubuta PVC a jikinsa, kaɗan, don narkar da fuskar robar yake yi ya haɗe su. In hujin ɗan mitsitsi ne, wuƙa mai ɗumi tana yi: ɗora ɗan guntun filastik a kai ka shafe shi da bakin wuƙar sau ɗaya, da sauri. In ka ga hayaƙi, wuƙar ta yi zafi da yawa, kuma hayaƙin ba na shaƙa ba ne.

Ƙwallo mai blada wadda aka manna rigarta ba ta farkuwa, sai dai a yi mata magani ta ciki. Akwai ruwan toshe huji da ake zuba wa tayoyi marasa tub, ana samunsa wurin masu kayan babur da keke. Nemi mai ruwa-ruwa, don mai zare-zare yana toshe allura. Zuƙi cokali ɗaya ko biyu a sirinji, ka tura ta cikin allurar famfo, ka ba ta iska, ka juya hujin ya kalli ƙasa, ka yi ta doka ta. Daga nan a riƙa ajiye ta bawul na kallon sama. Na ga masu ɗura farin ƙwai maimakon wannan. Yakan toshe na ɗan lokaci, amma ranar da aka sace iskar kowa zai bar wurin.

Blada ma iri biyu ce, kuma sanin haka yana hana a yi wa lafiyayyar ƙwallo tiyata. Ta danƙon itace tana da daɗin bugu amma iska na ratsa jikinta, cikin 'yan kwanaki sai ta yi laushi ko da ba huji. Ta butil, wato robar da aka ƙirƙiro a Amurka a 1937 wadda yawancin tub ɗin taya ke da ita, tana riƙe iska makonni. Ga makaranta ko ƙungiyar unguwa, ta butil za ka nema. Ƙwallon tanis ita ma haka take rasa iskarta ta jikin robar, ga shi ba ta da bawul, shi ya sa ake sayar da ita a gwangwani mai matsatstsiyar iska. Kada ka buɗe gwangwanin sai ranar wasa.

Tsagar da ta bi layin haɗi, ko ta kai tsawon ɗan yatsa, ba ta facuwa. A nan sai a haƙura da iska gaba ɗaya a cika ta da abu. Soson katifa yana yi da rani, amma da damina yana shan ruwa ya zama dutse. Tsofaffin silifas sun fi, don sosonsu ba ya shan ruwa. Yanka su ƙanana-ƙanana, ka cusa ta tsagar kana dannawa da sanda har ta cika ta yi tauri ko'ina, ka ɗinke bakin, ka yi mata rigar zare da yadi. Tsalle kam sai kaɗan, amma da babu gara ba daɗi, kuma ga atisayen ba da fasin a ƙasa ba ta da laifi. Masu masana'anta ma sun bi wannan tunanin. Wani Ba'amurke, Tim Jahnigen, bayan ya ga hoton yaran Darfur a sansanin gudun hijira suna buga dunƙulen shara, ya fito da ƙwallon One World Futbol a 2010, wadda aka yi da soso dangin na silifas, ba ta buƙatar famfo kuma ƙaya ba ta sace ta.

Wadda ta wuce ko wannan ma, kada a jefa ta a bola haka nan. Zaƙulo bawul ɗinta, ka yanki zagaye biyar-shida daga inda jikinta bai tsattsage ba, ka barbaɗa musu hoda kada su manne da juna, ka zuba a gwangwani mai murfi. Na danƙo daban, na filastik daban, ka rubuta a jikin kowane gwangwani.